Zane a Kan Rairayi, Shekarar da Shanu Suka Kwanta

Bana ruwa ya makara. Gonakin bayan Magarya har yanzu fari fat suke, kullum hadari sai ya taso daga gabas ya yi ta cika baki, iska ta kwashe shi. Jikata Nafisa ta zo hutu daga Damagaram, inda take karatun tsara aikin ordinatar, wato kwamfuta, a wata ƙaramar makaranta ta shekara biyu. Jiya da hantsi ta buɗe injinta a kan tabarma don ta nuna mini aikin da aka ba su, sai na ga akwatuna da kibiyoyi a fuskar gilashin, irin waɗanda na sani tun ba a haifi uwarta ba. Ina kallon zanen, ga kuma wannan zafi mai nauyi na kafin ruwa yana danne mutum, sai zuciyata ta koma ƙauyenmu, ta koma shekarar da shanu suka kwanta.

Sunana Lawali. Ƙauyenmu yana tsakanin Dungas da Malawa, gidanmu kuwa gidan noma ne da kiwo. Baba da ƙanensa Baffa Ilu garke ɗaya gare su, gona ɗaya, tukunya ɗaya. A duk gidan ni kaɗai aka kai lakwal, wato makarantar boko. Daga Dungas na wuce kwalej a Magarya, daga nan Damagaram, sai kuma aka zaɓe mu mu kaɗan aka tura mu Yamai mu koyi wani abu da ake kira analiz. Ranar da na gaya wa mutanen gida, ba wanda ya tambaye ni mene ne shi, don sun ga alama ni ma ban sani ba.

Malamin da ke koyar da mu, wanda muke kira Mushe, dogo ne, mai magana a hankali. Ranar farko ya ce mana, "Kafin ku taɓa inji, ku san aikin da za ku ba shi." Yawancin karatun a takarda muke yin sa. Za a ba ka aiki guda, misali yadda magani ke fita daga babban sito ya isa ƙananan asibitoci, a ce ka je ka tambayi duk wanda hannunsa ke taɓa aikin, daga mai makulli har mai ɗaukar kaya. Sannan ka zana shi. Akwati yana nufin wani aiki da za a yi. Zane mai siffar laya kuwa tambaya ce, kuma ƙofa biyu gare ta, I da A'a. Kibiya ita ke nuna inda za a nufa. Doka ɗaya ce Mushe bai yafe wa kowa ba: kowace kibiya sai ta kai wani wuri, ba a barin ta a rataye.

Injin kansa guda ɗaya ne, a wani ofishin gwamnati, ran Alhamis ake kai mu. Ba zan manta shigata ta farko ba. A waje rana na ƙona ƙeya, ana buɗe ƙofa sai wani sanyi ya doke ni har cikin haƙora. Ga manyan akwatunan ƙarfe jere sun fi ni tsawo, wasu faya-fayai na juyawa cikin gilashi, su tsaya, su koma baya, ba hannun da ke taɓa su. Muna rubuta umarninmu a jikin katuttuka masu ƙananan huda, a zuba su a bakin injin, ya zuƙe su da wata ƙara kamar ana sheƙar hatsi. Can sai wani injin ya kama buga takarda, layi bayan layi, ya fi ƙiftawar ido sauri. Na tsaya baki buɗe ina salati.

Da wannan mamaki a cikina na hau kamyo, babbar motar kaya, zuwa gida da aka ba mu babban hutu. Na ji labarin fari a Yamai, amma ji daban ne. Tun daga Bande na fara ganin mushen shanu a gefen hanya, fata ta bushe a kan haƙarƙari, ungulaye ma sun ƙoshi sun bar su. Itatuwan gawo duk an sassare rassansu an ba dabbobi. Filin da a da ake tara buhunan gyaɗa a Magarya ba kowa a ciki sai awaki na lasar ƙasa. Da na iso ƙauye, na tarar an kwance jinkar ɗakuna biyu a gidanmu, shanu sun cinye ciyawar. Inna ta fito ta tare ni. Na san muryarta kafin na gane fuskarta.

Ranakun nan duk iri ɗaya suke. Bayan sallar asuba mazan unguwa kan haɗu a yi tada shanu. Saniyar da yunwa ta ci, in ta kwanta ba ta iya tashi da kanta, in kuma ta wuni kwance shi ke nan. Sai a zura mata itace ta ƙarƙashin ƙirji, wani ta ƙarƙashin ciki, wani ya kama wutsiya, wani ƙaho, a ce bismillahi a ɗaga gaba ɗaya. Ta tsaya tana rawar ƙafa, a riƙe ta har ta samu kanta. Mu gama da namu, mu wuce gidan maƙwabci, haka har a zaga unguwa. Daga nan sai rijiya. Igiya an yi ta ƙara mata tsawo har ta fi ƙarfin mutum ɗaya, abin da wasaki ke fitowa da shi kuma rabi ruwa ne rabi laka. A zuba a kwami, shanu su sa baki, ka ji suna tsotsa har da ƙasar.

Mata kuwa tun da duhu-duhu sun tafi daji neman anza. Ƴaƴanta ɗaci gare su kamar maɗaci, sai an jiƙa an zubar da ruwa, an sake jiƙawa an zubar, kwana da kwanaki, kafin a iya dafawa. Ita muke ci da la'asar, da ɗan kunun jar dawar taimako da ake rabawa a Dungas in an samu, a ƙara masa dusa don ya yi yawa. Sau ɗaya a rana. Yunwa irin wannan ba ciwon ciki ba ce kawai. Kunnuwanka su riƙa yin ƙara, in ka miƙe da sauri duniya ta yi duhu, ka riƙa jin ƙanshin tuwo a inda ba a hura wuta ba.

Da tsakar rana ba mai iya motsi, sai mu kwanta a inuwar tsamiyar ƙofar gida. A nan Baba ya fara yi mini tambayoyi. Shi mutum ne mai son sanin yadda abu ke aiki. Rediyon farko da ta shigo ƙauyenmu sai da ya roƙi mai ita ya buɗe masa bayanta.

"Lawali, wannan injin naku, me yake ci?"

"Wutar lantarki, Baba. Kuma ba ya son zafi, sai an sanyaya masa ɗaki."

Ya yi dariya har da tari. "Mu muna nan muna gasuwa, ƙarfe na shan sanyi. To, ya san abin da mutum bai sani ba?"

Na ce a'a, abin da aka gaya masa kawai yake yi, amma da sauri, kuma ba ya gajiya. In ka manta ba ka gaya masa abu ɗaya ba, sai ya tsaya cak, ko ya yi ta yin kuskuren nan ba fasawa.

Baba ya ce, "Ashe ba wayo gare shi ba, biyayya ce. To kai mene ne naka a ciki?"

Na share rairayi da tafin hannu, na ɗauki kara na zana masa yadda ake shayar da shanu: akwati na jan ruwa, laya mai tambayar ko kwami ya cika, kibiya mai komawa baya in bai cika ba. Ya tashi zaune. Ya bi kibiyar da yatsa, ta mai da shi rijiya, ya sake bi, ta sake mai da shi. Sai ya dube ni fuskarsa cike da murna kamar yaro, ya ce, "Kai! Aikin da nake yi tun ina ƙarami ne kwance a ƙasa ina kallon sa."

Amma gidanmu ba lafiya a lokacin. Abin da ya rage mana na iri dami ɗaya ne na gero, rataye a cikin rumbun da ba komai sai shi. Baffa Ilu ya ce a sussuke shi a yi guzuri, a kora shanun da suka rage a tsallaka iyaka zuwa kudu, inda aka ce akwai sauran ciyawa. Baba ya ce ba mai taɓa irin nan, kuma ba zai bar gonar ubansa ba. Kullum bayan la'asar sai maganar ta tashi, murya ta hau, Baffa ya ce Baba zai kashe garke saboda taurin kai, Baba ya ce Baffa zai mai da su mabarata a ƙasar wasu. Suka kai har ba sa cin abinci a ƙwarya ɗaya. Ni ma maganar ta shafe ni, don na san in gidan ya watse ba sauran zancen komawa Yamai.

Wata rana suna tsakiyar wannan, Baba ya juyo ya ce, "Lawali, zo ka zana mana."

Baffa ya ce, "Yaya, wasa ka mai da ni?"

"Ba wasa ba ne. Kai ka faɗi naka, ni in faɗi nawa, shi ya sa a ƙasa. Na gaji da jin muryata."

Ban taɓa zana abin da rai ke ciki ba. Na yi yadda aka koya mini. Na ce kafin in zana sai na tambayi kowa, har da Inna, tunda ita ke riƙe da tukunya. Aka kira ta, ta tsuguna daga gefe. Na tambaye ta abincin da ke hannu zai kai yaushe. Ta ce in ta ci gaba da ƙara dusa, kuma baki ya ragu, zai kai mutuwar watan da ke sama. Na tambayi Baffa shanu nawa za su iya tafiyar. Ya ce gaskiya ba duka ba, waɗanda ake tadawa da itace ba za su wuce rijiya ta biyu ba. Na tambayi Baba wane irin ruwa ne ya isa a yi shuka. Ya ce wanda in ka haƙa rami ka zura hannu har gwiwar hannu ba ka tarar da busasshiyar ƙasa ba.

Na fara zanawa. Hanyar Baffa ta tafi, sai ta iso wata laya: shanun da ba su iya tafiya fa, da ƙananan yara? Hanyar Baba ma ta tafi, ta iso tata layar: ruwa ya zo? Ta ƙofar I akwai shuka. Ta ƙofar A'a na ja kibiya na tsaya, don ban san inda zan kai ta ba.

Baffa ya sa yatsa a kanta. "Wannan ina ta nufa, Yaya?"

Na ce a hankali, "An hana mu barin kibiya a rataye, Baba."

Baba ya bi kibiyar da ido. Can ya ce, "In watan nan ya mutu ba ruwa, a ci irin, mu bi ku." Baffa ma ya sunkuyar da kai, ya ce shi kuma ba zai ɗauki ko zangarniya ɗaya daga damin ba, zai tafi da shanun da ke da ƙafa, da matarsa da babban ɗansa, a bar sauran a gida. Ba zanen ne ya kawo dabarar ba, duk abin da ke ciki daga bakinsu ya fito. Amma ranar ce farkon da kowannensu ya ga tsoron ɗan'uwansa a gabansa, ba a cikin faɗa ba. Da yamma suka sa hannu a ƙwarya ɗaya. Kwana biyu bayan haka Baffa ya kora shanu, muka raka su har bayan gari.

Sai jira. Kullum wata na raguwa, kullum sama fes. Shanun da aka bari suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har tada shanu ya zama aikin ɗan lokaci kaɗan. Ana nan wata safiya aka yi ruwa, ɗan madaidaici, ya kwantar da ƙura, ƙasa ta yi ƙanshin da ya sa har tsofaffi hawaye. Gari ya ruɗe, kowa ya ɗauki sungumi. Baba ya je gona ya haƙa rami, ya zura hannu. Bai wuce wuyan hannu ba ya tarar da ƙasa busasshiya mai ɗumi. Ya miƙe ya karkaɗe hannunsa.

Na ce, "Baba, kowa na shuka. In shi ke nan ruwan fa?"

Ya ce, "Da bakina na ce gwiwar hannu, a gaban uwarka da Ilu. Mu koma gida."

Ban taɓa jin tafiya mai nauyin wannan ba. Muna wuce mutane suna sara suna binnewa, suna ce wa Baba, "Malam Hassan, lafiya?" Shukarsu ta fito, tsanwa shar, muna gani daga ƙofar gida. Inna kuwa na ga tana yawan leƙa rumbu. Sannan rana ta dawo da ƙarfinta. Cikin ƴan kwanaki tsiron nan ya lanƙwashe, ya yi ja, iska ta binne shi da rairayi. Ba mu yi murna ba, wa zai yi? Maƙwabtanmu ne, da su muke tada shanu. Kuma wata ya zama siriri kamar yankan farce, Inna har ta fara ɗaure kaya.

Ranar da ruwan ya zo, tun azahar iska ta ɗauke ɗif. Ko ganyen tsamiya ba ya motsi, kaji sun buɗe baki, zufa na zuba ba tare da ka yi komai ba. Wajen la'asar gabas ta yi ja, sannan ta yi baƙi, baƙin da ban taɓa gani ba, daga ƙasa har tsakiyar sama kamar an gina katanga. Walƙiya na yawo a cikinsa ba ƙara. Sai wata iska mai sanyi ta iso, ta ɗebe zana, ta kifar da ƙore, tsuntsaye suka bi ta kanmu a guje. Ɗigon farko da ya faɗo mini a kafaɗa sai da na ji zafinsa kamar an jefe ni da tsakuwa. Daga nan sama ta buɗe.

Na ga injin da ke buga takarda ya fi ƙiftawar ido sauri, na kuma yi mamakinsa da gaske. Amma ranar nan na tsaya a tsakar gida ruwa na dukana, ban iya ganin rumbun da ke gabana ba, ƙarar ta cika duniya har ba na jin kukan yaran da ke tsalle kusa da ni, sai na ji ni ba komai ba ne. Wata farar saniya da muka tada da itace da safe, na gan ta da idona dab da ni ta miƙe da kanta, ta ɗaga kai sama ta buɗe baki. Baba ya durƙusa cikin laka ya sa goshi a ƙasa. Inna na ta jera tukwane a bakin indararo tana kuka tana dariya.

Washegari hannun Baba ya nutse har kafaɗa. Muka sussuke damin. Baba ya ware wani kaso ya aika wa gidaje biyu da shukarsu ta ƙone ba su da sauran iri. Shi yana gaba da sungumi yana sara, ni da Inna da yara muna biye, a jefa ƙwaya kaɗan a rufe da diddige. Inna ta ce wa yara duk wanda ta ga ya kai hannu baki zai gamu da ita, amma ni kaina sai da na yi ta haɗiyar yawu, don gero ne a tafin hannuna.

Noman da ya biyo baya shi ne mafi wuya. Ruwa ya zauna, ciyawa ta taso da hatsi tare, ga shi ba ƙarfi a jikin kowa. Aka koma gayya, amma gayya ba tuwo ba fura, sai kwaɗon tafasa da ruwan tsamiya. Yau gonar wannan, gobe ta wancan. Mutum ya yi kunya ɗaya ya zauna, wani ya karɓi hauyar. Da muka zo cira, abin da muka cire daga gonarmu aka kai aka dasa a gonakin da ba su cika ba. Tafin hannuna na ɗan makaranta ya fashe, ya warke, ya sake fashewa. A hankali gero ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya rufe mutum. Ranar da Inna ta gasa mana tumun farko, muka murza a hannu muka hura, muka cinye shi tas.

Azumi ya kama a daidai lokacin da hatsi ke nuna. Mutane suka riƙa cewa ai bana mun riga mun yi namu tun bazara, wannan mai sauƙi ne, tunda akwai abin buɗa baki. Abu ɗaya ya rage mana: ba labarin Baffa. Duk wanda ya dawo daga kasuwar kan iyaka sai Baba ya tare shi da tambaya, kowa ya ce bai gan shi ba. Ni kuma an sa ranar tafiyata bayan Salla, don Baba ya ce rumbu zai cika ko ba ni.

Cikin goman ƙarshe, wata yamma rana ta yi ja muna zaune da ƙwaryar kunu a gaba muna jiran kiran salla, sai muka ji kukan shanu daga kudu. Baba ya miƙe bai ko nemi takalmi ba. Baffa Ilu ne, ya rame ya yi baƙi, sanda a kafaɗa, iyalinsa na biye. Shanun ba su kai rabin waɗanda suka tafi ba, amma sun yi ƙiba, gashinsu na sheƙi, kuma a tsakiyarsu ga wani jan maraƙi da aka haifa a hanya yana tsalle. Ƴan'uwan nan biyu suka tsaya a bakin gona, ɗaya na kallon shanu, ɗaya na kallon geron da ya fi shi tsawo.

Matar Baffa ce ta karɓi ƙwarya a hannun Inna, ta tsuguna a gindin uwar maraƙin. Muka ji ƙarar nono na zuba a ƙwarya, ƙarar da gidanmu ya shekara bai ji ba. Ana kiran salla ta miƙa wa Baba. Ya riƙe da hannu biyu, kumfa na rawa a sama, ya kai baki, sai ya fasa, ya miƙa wa ƙanensa.

"Sha, Ilu," ya ce. "Kai ka sha hanya."